Yadda muryata ta mutu bayan kamfen, da yadda wani tsoho a Tumfure ya tada ita da labarin Pavarotti

Abokan sana'a sun dameni da tambaya akan muryata, wasu a situdiyo wasu a wajen biki, kowa so yake in fada masa wane magani nasha, wani ma har jana gefe yayi wai in nuna masa malamin da ya bani rubutu. To bari in zauna in fadi abin tiryan tiryan yadda ya faru, dan nasan akwai irina da yawa a garin nan na Gombe da suke cin abinci da makogwaro, kuma makogwaron yana lalacewa suna ji suna gani basu san inda zasu nufa ba.

Ni wakar biki nakeyi, in kakar siyasa tazo ayi damu. Bayan zaben 2023 muryata ta tafi. Ba lokaci daya ta tafi ba, da farko in na tashi da asuba sai inji ta dishe zuwa hantsi ta washe, daga baya ya zama har azahar bata dawo ba, daga nan kuma sai saman ya dauke gaba daya, in nazo inda zan daga murya iska ce kawai take fita, in na matsa kuma sai ta rabu gida biyu. Duk wanda yayi kamfen yasan yadda abin yake, kana tsaye a bayan budaddiyar mota kura na shiga baki, janareta na ruri, sifika na ihu a bayan kunnenka kai kanka baka jin me kake fada to dole ka kara karfi, yau Dukku gobe Bajoga jibi a gangara Kumo da Billiri, da daddare kuma maimakon barci a shiga situdiyo a sake sabuwa saboda an kara sunayen da za'a kira.

Duk abinda ake sha nasha. Zuma da lemun tsami, citta da kanunfari, danyen kwai, sirace da ganye kala kala. Suna dan sassauta radadi amma muryar tana nan yadda take. Furodusana ya dade yana rufa min asiri da ototun, wato manhajar kwamfuta mai gyara sautin murya, layi daya sai mu yanka shi gida uku a dinke, har ranar da ya cire abin kunnensa ya ajiye yace oga wlh abin nan yafi karfin kwamfuta, kaje likita ya dubaka.

Naje bangaren kunne da hanci da makogwaro. Likitan ya fesa min wani abu a hanci wajen ya dan mutu, sannan ya zura wata siririyar tiyo mai kyamara a kai ta gangara, yace ince iiii. Ranar na fara ganin abinda nake ci nake sha dashi. Wasu 'yan tantani ne guda biyu farare, sun hade ta gaba sun bude ta baya, in kana numfashi su ware in kayi magana su hadu iska ta dinga kada su. A nawa wajen tsakiya kowanne yana da dan kumburi suna kallon juna, shi yasa basa haduwa ruf iska take zurarewa. Yace kasan kantar da take fitowa a tafin hannun manomi saboda kotar fartanya? To ita ce wannan. Namiji in yana magana tantanin nan suna bugun juna sau dari da wani abu a dakika daya, in ya daga murya abin ya ninka ya kara ninkawa, kai kuma ka kwashe watanni kana gwara su da karfin tsiya. Alhamdulillah yace ba daji bane kuma galibi ba sai an yanka ba, amma fa in na warke na koma waka yadda na saba to zata dawo. Ya kafa min doka, ba waka, magana sai ta kama dole, banda rada dan ita ma wahalar dasu takeyi, banda yawan gyaran murya da kakari, in dinga shan ruwa sosai, kuma in daina cin abu mai yaji da maiko in kwanta nan take saboda kwarnafi yana hawowa cikin dare ya kona wajen.

Shirun nan yafi komai wuya. A garinmu mutum ya gaisheka ina kwana ina gajiya ya iyali ya aiki ya sanyi, kai kuma sai daga hannu da murmushi, ai sai ace 'yan kudin kamfen ne suka hau maka kai. Na daina zama majalisa, waya ta koma sai rubutu, uwargida ce take amsa kira tana bada hakuri, bukukuwan bayan sallah duk suka wuce wasu suka karbe. Kumburin ya ragu kam amma tsoro ya shigeni, dan ban san wata hanyar waka ba sai wacce ta kaini asibiti.

Yaron da yake mana fiyano dan Kaltungo ne, ran Lahadi a coci yake kida, shine yace akwai wani tsoho a Tumfure da ya dade yana koyar da mawakan cocinsu, malamin makaranta ne yayi ritaya, a Gindiri yayi karatun koyarwa can ya koyi waka da do re mi, yace wadanda suka bi ta hannunsa da wuya kaji muryarsu ta dishe. Hajiyarmu da taji sai da ta tambaya me zai kaini, nace mata numfashi za'a koya min, tace to Allah ya bada lafiya. Kuma gaskiya tunda nake zuwa gidan tsohon, da muke kira Baba, in la'asar tayi shi da kansa yake cewa jikarsa ta kawo min buta da tabarma, bai taba sa ni wakar coci ba, wasula ne kawai sai wakokina.

Zuwan farko bai bari na rera ko layi daya ba. Ya sa nayi magana yana kallon wuyana, yace yarona kai da kafada kake numfashi, ga jijiyar wuyanka nan ta mike tun kafin ka bude baki. Ya sa na kwanta rigingine ya dora min wani katon littafi a ciki yace in shaka littafin ya tashi amma kirji kar ya motsa. Sannan na mike ya kama hannayena ya dora a hakarkarinsa, tsoho ne fa ya haura saba'in, amma da ya ja numfashi sai naji hakarkarin ya bude ta gefe da ta baya, ya fara sakin iska ssss a hankali a hankali, ni hannuna ya fara gajiya shi bai kare ba, kuma hakarkarin yana nan a bude bai rufta ba sai can karshe. Yace daga nan ake tura murya, wuya bashi da aiki a ciki.

Daga nan ya dauko wani tsohon faifan bidiyo ya saka. Wani katon bature mai gemu a kan dandali cikin kayan wasa, ya bude baki wata murya ta fito mai tsayi mai amo, fuskarsa kuma ko alamar wahala babu. Baba yace nemo min makirfo a hannunsa. Babu. Yace na daukar sauti suna nan an boye saboda faifan, amma mutanen da suke zaune a dakin tsurar muryarsa suke ji. Abinda muke kallo ofera ake kiransa, wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganun ciki, makada sun kai sittin ko saba'in suna zaune a rami gaban dandalin da goge da kaho da ganguna, dakin ofera na Metropolitan a Niyok kujerunsa wajen 3,800 ne kuma dole na can karshen bene yaji ka. Mutumin Luciano Pavarotti ne, muryarsa ita ake kira tena, wato muryar namiji ta sama, Baba yace nima ita ce tawa. Nace Baba wannan ai baiwa ce kawai ta turawa. Yace kai yaro ne shi yasa, kafin lasifika ta shigo ladanan garin nan daga wannan unguwa kana jin kiran asuba na waccan, kuma mutum ya shekara arba'in yana yi muryarsa garau, ka dauka da wuya suke turawa?

Shi Baba a 1990 ya san mutumin, shekarar kofin duniya na Italiya da Kamaru ta doke Ajantina a wasan farko Roger Milla kuma ya dinga rawa a kusurwar fili, lokacin ma Gombe tana karkashin jihar Bauchi. Daren jajiberin wasan karshe, 7 ga Yuli, Pavarotti da Placido Domingo da Jose Carreras suka hadu a wani tsohon kango na birnin Rum sukayi waka tare, Zubin Mehta yana jan makada, Carreras bai dade da tashi daga cutar dajin jini ba. Kaset din wannan daren wani abokinsa ya kawo masa daga Jos, yace ya saurara har zaren ya tsinke ya manne shi da jan farcen mata. Daga nan ya dinga bibiyar labarinsa, kuma duk matakin da muka shiga a darasi sai ya ciro min daidai wajen a rayuwar mutumin.

Da nayi korafin numfashi ya isheni sai ya bani labarin Joan Sutherland, wata mawakiya 'yar Ostireliya. A 1965 ita ta ja Pavarotti ya fara waka a Amurka a Mayami da tenan da aka shirya dashi ya kwanta rashin lafiya, a shekarar kuma suka zaga Ostireliya tare. A lokacin ya riga ya shiga La Scala, babban dakin ofera na Milan, fa, amma ya lura matar nan tana waka dare bayan dare bata gajiya shi kuwa yana gajiya, sai ya roki ya dora hannu a cikinta yaji yadda take rike iska, kuma har ya tsufa yana fadin a wajenta ya gane numfashi. Baba yace to wanda ya kai can bai ji kunyar komawa baya ba, kai wa kake jin kunya, kwanta mu ci gaba.

Bayan numfashi sai muka shiga girgiza lebe, burrr sama burrr kasa, da busa murya ta tsinken shan lemo a cikin kofin ruwa. In ka tura da karfi ruwan ya fantsama, in ka saki yayi shiru, so ake kumfar ta tafi bai daya. Wannan na tsinken yafi min amfani akan duk wani jike jike da nasha, har yau in na tashi da nauyin murya shi nake fara yi.

Sai wasula. A e i o u, a kan sauti daya, a hau daya a sake, a sauko a sake. Baba yana da wani tsohon fiyano kirar Yamaha da wasu makullansa sun makale, ya danna ya ce bi, in harshena ya tattare baya ya miko min madubi, in habata ta kafe ya sa yatsa ya girgiza ta. Wata da watanni ba waka. A nan ne ya bani asalin mutumin. An haifeshi a Modena a 1935, ubansa mai gasa burodi ne da yake da murya mai kyau amma tsoron taro ya hanashi mai da ita sana'a, uwarsa a kamfanin taba take aiki, shi kuma yana yaro gola yake so ya zama. A 1954 yana dan shekara 19 wani tena mai suna Arrigo Pola ya daukeshi kyauta saboda basu da hali, kuma watannin farko wasula da motsa murya kawai ya dinga bashi. A 1955 suka je Wales shi da ubansa cikin kungiyar mawakan garinsu suka ciyo na daya a gasa. Da Pola ya tafi Japan ya koma hannun Ettore Campogalliani a Mantuwa. Duk tsawon nan koyarwa yakeyi a firamare, daga baya ya koma tallan inshora gida gida dan ya samu na kashewa.

Abu daya da Baba ya fada ya zauna min, wai Hausa tana da sa'a wajen waka kusan irin ta Italiyanci, saboda yawancin kalmominmu da wasali suke karewa baki a bude, kaji rana, gida, zuciya, amarya. Matsalarmu tana wajen ƙ mai kugiya da ts da 'y, irin na ƙauna da tsaya da 'ya'ya, dan kafin su fita sai makogwaro ya tsuke ko ya rufe gaba daya, to in suka fado a saman murya sai su shake ka ba ka sani ba. Na koma na duba wakokina sai naga duk inda na fi jin zafi kalma ce mai irin wannan harafi na dora a can kololuwa. Yanzu in ina rubuta amshi ina lura, ko in sauko da kalmar kasa ko in fade ta da sauri in zauna akan wasalin.

Akwai lokacin da na karaya sosai. Kudi sun kare, na sayar da mashin ina hawa Keke Napep daga Jekadafari zuwa Tumfure, muryar kuma ta zama siririya ba kwari, ta da ta tafi sabuwar bata zo ba. Nace Baba ni inaga zan koma kasuwa wajen yayana in hakura. Bai rarrasheni ba. Yace kasan shima mutumin naka irin kantar nan ta taba fito masa? Shekara kusan shida yana karatu ba abinda ya samu sai kananan taruka a kauyuka ba ko sisi, kumburi ya fito masa a tantanin murya, yayi wata waka a Ferara da ta watse, ya yanke shawarar ya bari. Shi da kansa yace da ya sauke wannan nauyin daga ransa sai kumburin ya baje kuma duk abinda ya koya ya hadu waje daya. A 1961 yaci wata gasa, ladan gasar shine aka bashi babban matsayi a wasan La bohème a Rejo Emiliya ran 29 ga Afrilu, shekara bakwai kenan da fara karatunsa. A 1963 Giuseppe Di Stefano ya kasa fitowa a dakin ofera na Covent Garden a Landan aka turashi ya cike gurbi, daga nan kofa ta bude. Baba yace ni bance kayi shekara bakwai ba, amma jeka ka huta sati biyu kar ka taba komai, in ranka ya dawo ka dawo. Na dawo.

Inda na fi shan wuya kuma na fi karuwa shine mararrabar murya. Kowane tena in yana hawa, wajen F zuwa G (sunayen matakan sauti ne a fiyano) akwai inda muryar kirji take karewa. Mu a situdiyo abu biyu mukeyi a nan, ko mu daga haba mu bude baki mu kurma ihu, ko mu sulale cikin 'yar siririyar murya irin ta mata mu bar ototun ya karasa. Baba yace akwai ta uku. Kafin ka iso wajen ka dan rage karfi, ka bar makoshi ya sauka kasa yadda yakeyi a farkon hamma, wasalin a ya dan karkata wajen o, kar ka kara iska ka dai rike hakarkari a bude. Da farko ji kake kamar muryarka ta shige daki an rufe kofa, a kunnenka tayi kasa tayi duhu, sai ka so komawa ihu. Ranar da ta fara fada min daidai muna kan G, naji wani kaikayi a bayan hanci da goshi, wuyana kuma sakayau ba komai, ni a jina sautin karami ne amma matar Baba da take can bayan gida wajen murhu ta leko tace wa ya zo? Baba ya buga cinya yace ita ce, kar ka nemi ka kara mata komai. Ya min bayanin cewa wannan amon yana zaune ne a wani sashe na sauti can sama inda kayan kida basu da karfi sosai, shi yasa muryar mutum daya take ratsa makada saba'in, ba wai yafi su kara bane.

Sannan ya kunna min wakar da ta sa ake ce masa sarkin C na sama. A wasan La fille du régiment akwai waka daya da take da C na sama guda tara a jere, kowanne tantanin nan sai sun kada sau 523 a dakika. Ran 17 ga Fabrairun 1972 a Metropolitan ya zuba su duka tara kamar ba komai, sau 17 mutane suna tafi suna dawo dashi gaban labule. Na saurara da kunnen wanda yasan me ake nufi yanzu, sai naji inda yake juyawa kafin ya hau, abinda a da bazan taba ji ba. Tsigar jikina ta tashi wlh.

Da na koma asibiti likita ya sake zura tiyonsa, kumburin saura dan burbushi a gefe daya, yace in fara aiki kadan kadan. A situdiyo rigimar farko akan ki ne, wato tsayin sautin da ake dora waka a kai. Wakokinmu na yanzu ana dora su sama sosai saboda muryar mace mai amshi, namiji kuma ya bi ko ya mutu. Nace a sauko min da kidan, furodusa yace zata rasa armashi, nace to a raba, ita tayi a inda ya dace da ita ni in shigo a inda ya dace dani. Da muka dauka ya saurara yayi shiru, sai ya mika hannu ya rage ototun din da kansa. Yanzu A na sama ina zama akansa lafiya, ranar da jiki yayi dadi ina dan taba na gaba dashi. C ba nawa bane kuma wakar biki bata bukatarsa. Kafin in hau ko'ina sai na dumama murya a mota, ina neman a juyo min sifika daya ta kalleni dan inji kaina, da hunturu kuma takunkumi a hancina har bakin wajen.

Baba har yau baya karbar kudi, yace shima Pola bai karba ba. Kifin Dadin Kowa nake kai masa in na samu mai kyau, sai katin waya.

Inda muka sha bamban dashi shine karshen rayuwar mutumin. Baba baya son a tabo wajen, shi a 1972 ya tsaya. Ni kuma nan ne na fi jinsa a raina, dan nan ne naga shima nama da jini ne. Bayan 1990 ya zama na duniya gaba daya, wakar Nessun dorma da BBC ta dora a shirinta na kofin duniya ta shiga gidajen da basu taba jin ofera ba, ya koma filaye da makirfo da farin kyallensa a hannu, Hyde Park na Landan a 1991 ana ruwan sama, Central Park na Niyok a 1993 mutum wajen 500,000. Amma kiba da ciwon gwiwa sun kamashi, yana yawan fasa zuwa, har dakin ofera na Cikago ya raba gari dashi a 1989 bayan ya soke 26 cikin 41 da aka shirya dashi. A 1992 a La Scala muryarsa ta fashe a sama mutanen kasarsa sukayi masa ihu. Ofera ta karshe yayi ta a Metropolitan a Maris din 2004. Sai bude wasannin Olamfik na kankara a Turin ran 10 ga Fabrairun 2006, inda duniya ta ganshi karo na karshe, daga baya mai jan makadan Leone Magiera ya bayyana cewa an riga an dauki sautin kwanaki kafin nan, bin baki kawai akayi, saboda tsananin sanyin daren da halin da jikinsa yake ciki. Watanni kadan bayan nan aka gano yana da dajin pankiriyas, wata gaba da take bayan tumbi, ya rasu a Modena ran 6 ga Satumba 2007 yana da shekara 71.

Baba yace da ya hakura bai fito ba, mawaki in bazai iya da bakinsa ba ya zauna a gida. Ni nace Baba muryar da aka ji tasa ce, ba wanda ya ara masa, dattijo mai shekara 70 a tsakiyar fili cikin kankara da dare in ya bude makogwaro me kake so ya faru, kuma ni nasan abinda ake ji in an biyaka mutane sun taru kai kuma kasan abin baya nan. A bukukuwanmu ma ai haka ake, a sa faifai mawaki ya bi da baki amarya tayi rawa kowa ya watse da farin ciki. Nima har yanzu in biki ya hadu min uku a sati daya, na tsakiyar da faifai nake yinsa kuma tun wajen ciniki nake fadawa masu biki, dan bazan sake mai da kaina gaban tiyon likita ba. Baba bai yarda ba, yace wanda ya koyi rike iska biki uku ba komai bane, lalaci ne yake neman dawo min ta bayan gida. Mun kai magariba muna wannan musun ranar har jikarsa ta kawo buta.

Yara biyu daga situdiyonmu sun fara bina Tumfure yanzu, dayan ma muryarsa ta fara irin dishewar safen nan, na kaishi asibiti tukuna kafin mu wuce gidan Baba, suna matakin littafi a ciki suna ta mita. Akwai bikin wata 'yar uwar mai fiyanonmu a Kaltungo karshen wata, ni zanyi, kuma Baba yace zai je da kafarsa yaji ko da baki zanyi ko da faifai, yace in sa a ajiye masa kujera a can baya nesa da sifika.